Jan Fenti a Jikin Dogo

Ranar da Iya Yakaka ta fita daga takaba, ba gidan kowa ta fara zuwa ba. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon zanen da maƙwabta suka kawo mata, ta zauna karɓar gaisuwar mata har rana ta ɗaga. Da ta ga hankalinsu ya koma kan tukunyar tuwo, sai ta sulale ta ƙofar baya ta nufi wajen dabinai. Wata huɗu da kwana goma ke nan ba ta sa su a ido ba, sai dai ta ji motsin ganyensu ta saman katanga.

Su uku ne, a bayan gidanta, a bakin garin Kwarin Maje. Biyu mata ne, suna tsaye kusa da juna ta gabas, su ne cinta, su ne suturarta. Na ukun yana can gefe ta yamma, taku goma sha biyu tsakaninsa da su, ya kuma fi su tsawo nesa ba kusa ba. Mijinta marigayi Malam Zaharadeen ne ya sa masa suna Dogo. Namiji ne, tunda aka dasa shi ko ƙwayar dabino ɗaya bai taɓa yi ba.

A jikin Dogon nan ta tarar da jan fenti, an shafa shi da yawa daidai ƙirjin mutum. Ta duba ƙasa, ta ga turaku masu jan kai a jere, sun taho daga wajen titin Jahun. Da suka zo kusa da matan nan biyu sai suka lanƙwashe suka kauce musu, suka miƙe zuwa gindin Dogo, suka wuce cikin gari. Ba ta yi boko ba, amma wannan karatun ba ya bukatar malami. Ta dafa jikinsa.

Ba wai ba ta son hanyar ba ne. Tun tana ɗaki mata suke kawo mata labarin za a yi kwalta daga titin Jahun ta ratsa gari ta ɓulle ta Dutse, kuma duk wadda ta faɗa sai ta ce Allah ya tabbatar. A garin nan kaf babu wanda ya fi ta sanin abin da rashin hanya yake yi. Shekara arba'in da suka wuce, tana amarya sabuwar zuwa daga ƙasar Haɗeja, naƙuda ta kama ta tsakiyar damina. Aka ɗora ta a amalanken shanu za a kai ta asibitin Jahun, amalanke ya kafe a taɓo tun hantsi har la'asar. Ita ta rayu, ɗan bai rayu ba, kuma daga nan ba ta sake samun ciki ba. 'Yan'uwan Malam sun yi surutu har sun gaji, shi kuwa bai taɓa ɗaga mata maganar ba ko sau ɗaya.

Ta gyara mayafi ta nufi ƙofar gidan Mai Unguwa, Alhaji Muntaka. Mutum ne mai kirki da tumbi, a gabanta aka yi masa kaciya, yanzu ga shi da furfura a gemu. Yana zaune a tabarma da mutane wajen bakwai. Da ya hango ta sai ya miƙe da fara'a, ya yi mata barka da fita, ya yi wa Malam addu'a.

Ya ce, “Iya, kin ga aikin da muka yi miki kuwa? Da farko ta kan dabinanki biyu hanyar ta bi. Na ce wa matar da ta zo daga Dutse, waɗannan na tsohuwa ne, tana ɗaki tana takaba, da su take ci. Wallahi matar nan tana da tausayi. Ta tsaya kai da fata sai da aka karkatar da layin.”

Iya Yakaka ta ce, “Allah ya saka da alheri, Alhaji. To Dogo fa?”

“Ai shi ba ya 'ya'ya, Iya. Ta tambaye ni, na gaya mata gaskiya.”

Wani daga cikin mazauna tabarmar ya ce ai ko ba komai za a samu itacen rufin ɗaki, aka yi dariya.

Ba wai ba su sani ba ne. Sun sani, irin sanin da mutum yake yi wa gishiri a miya, wanda ba ya tunawa da shi sai ranar da aka manta ba a sa ba. A Kwarin Maje kowa ya ga dabinonsa ya fito namiji sare shi yake yi, don me zai ajiye abin da ba ya ba shi komai? Haka aka yi ta yi har Dogo ya rage shi kaɗai. Duk shekara in furensa ya fito, Malam ne yake hawa ya yanko, sannan ya bi dabinan gari ɗaya bayan ɗaya yana yi musu barbara, wato yana sa furen namijin a cikin na macen don 'ya'ya su ƙullu. Ba ya jira a kira shi, ba ya karɓar komai. Mutum sai dai ya fito da safe ya ga an ɗaure masa furen dabinonsa da kaba, ya ce, “Af, Malam ya zo,” ya wuce gona. Bana ma sai da ya gama na kowa sannan ya kwanta ciwon da bai tashi ba, saboda haka har yanzu babu wanda ya ji rashinsa a bakinsa.

Maganar ta zo mata har leɓe, ta haɗiye. Ta yaya tsohuwa za ta tsaya gaban maza bakwai tana zancen namiji da mace da barbara? Ko da ta cire kunya ma, akwai abin da ya fi wannan nauyi. Duk yadda ta faɗe ta, gori za ta zama, kuma mutumin da ya yi aikin bai taɓa yi wa kowa gori ba yana raye, ba ita za ta yi masa yana kabari ba. Ta tambayi sunan matar Dutse kawai. Alhaji ya ce Madam Dinah ake ce mata, ya ɗauka godiya za ta aika.

Washegari ta buɗe akwatin Malam ta ɗauko wani ƙulli da ke cikin tsohon rawaninsa, ta zuba ragowar dabinon bana a ƙaramar ƙwarya ta rufe da faifai. Ɗan acaɓa ya fitar da ita titi, ta shiga motar haya. Rabonta da Dutse shekara shida. Ta tarar garin ya cika da gine-gine har gindin duwatsu, ta yi ta nuna wa mutane sunan da aka rubuta mata a takarda, har wani mai adaidaita ya sauke ta a ƙofar ofishin masu tsara hanyoyi. Ta zauna a benci fiye da awa biyu da ƙwaryarta a cinya kafin a ce ta shiga.

Madam Dinah mace ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau a kan hanci, mutuniyar Filato ce amma ta haura shekara ashirin tana aiki a Dutse, Hausa a bakinta kamar a nan aka yanke mata cibi. Da ta ji an ce Kwarin Maje, kuma matar marigayi Malam Zaharadeen, sai ta taso daga kujerarta ta kamo hannun tsohuwar.

“Mama! Ke ce mai dabino biyun nan? Sannu, sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?”

Ta zaunar da ita, ta sa aka kawo ruwa, ta baza wata babbar taswira a tebur tana nuna mata da bakin fensir. Ga titin Jahun, ga gari, ga inda layin ya lanƙwashe. Fuskarta cike da murna take bayani.

Ta ce, “Kwana uku muna ja-in-ja da injiniya a kan kwanar nan. Ya ce ba a yi wa hanya kwana saboda itace. Na ce masa wannan za a yi. Mama, babanmu ya rasu muna ƙanana, da itacen mangwaro biyu mahaifiyata ta yi mana makaranta. Da Mai Unguwa ya nuna mini naki, ita na gani.”

Iya Yakaka ta ji tausayin matar ya kama ta. Ta taho da shirin yin magana da gwamnati, sai ga shi ta tarar da 'yar wata. Ta tura mata ƙwaryar dabinon tukuna, ta jira ta ɗauki ɗaya ta ci. Sannan ta kwance rawanin Malam a hankali. A ciki akwai wasu busassun zarurruka masu ɗan fari, kamar tsintsiyar da ta tsufa. Ta ɗauki ɗaya ta kaɗa shi da yatsa, wani farin gari ya zubo a kan taswirar.

Ta ce, “'Yata, kin ga wannan garin? Shi ne dabinon da kika ci yanzu.”

Ta yi mata bayani dalla-dalla, tunda mace ce 'yar'uwarta babu abin jin nauyi. Yadda furen namiji yake fitowa a cikin kube, in sanyi ya shigo ya tsage da kansa. Yadda Malam yake hawa ya yanko, ita tana ƙasa da faifai tana tarar garin da yake zubowa don kada ya tafi a banza. Yadda take shanya shi a inuwa, ta raba zare uku-uku ta ɗaure da kaba, shi kuma ya bi dabinan mutane yana sa wa kowace mace ɗauri ɗaya a cikin furenta. In ba a yi haka ba dabino zai fito ƙanana, babu ƙwallo, babu zaƙi, rabinsa ya zube tun yana kore. Kuma a garin nan duka, namiji ɗaya ne ya rage.

Madam Dinah ta cire tabarau ta ajiye. Ta daɗe tana kallon farin garin da ke kwance a kan layin da ta zana.

Ta ce, “Wayyo ni. Na tambaya ko yana 'ya'ya, aka ce a'a. Ban tambayi me yake yi ba.”

“Ba ki yi laifi ba. Alheri kika nufa, Allah ya gani.”

“Amma Mama, wurin nan matsattse ne. Ta yamma maƙabarta ce, ta gabas ga dutse. Ko shi, ko su biyun. Babu ta uku.”

“Na sani. Jiya na auna da ƙafata.”

“To da me za ki ci? Diyya sau ɗaya ake ba da ita, dabino kuwa duk shekara yake zuwa. Bari ki ji, ana iya samun furen nan a wani wuri. A nan Dutse ma akwai masu gonakin dabino.”

Iya Yakaka ta ce, “Akwai. Mai Unguwa zai zo ya saya, yana da mota. Falmata maƙwabciyata da take da guda ɗaya a tsakar gida, marayu huɗu, ita wa zai kawo mata? Shekarar farko za a tuna da ita. Ta biyu fa?”

Ta shafa gefen rawanin da yatsa. Abin da ya rage ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta ji in ba ta faɗa a ɗakin nan ba, ba za ta faɗa ko'ina ba.

“Kuma in gaya miki gaskiya, 'yata, ba don Falmata kaɗai na zo ba. Mu Allah bai bar mana ɗa ba. In Malam ya ga yara suna tsintar dabino a gindin bishiyar wani, sai ya dawo gida yana murmushi, ya ce mini, Yakaka, jikokinmu sun yi kyau bana. Dabinon yake nufi. Duk wanda aka ci a garin nan ta hannunsa ya biyo. Shi ke nan abin da ya bari. In aka sare Dogo, ya tafi ke nan gaba ɗaya.”

Madam Dinah ta goge ido da bayan hannu, ta mayar da tabarau, ta ɗauko magogi da abin ja layi. Ta fara tattara farin garin nan da gefen takarda ta juye shi cikin rawanin, ko kaɗan ba ta bari ya zube ƙasa ba. Sannan ta goge kwanar da ta yi kwana uku tana faɗa a kanta, ta ja layi miƙaƙƙe.

Ta ce, “Injiniya zai yi murna. Shekara guda zai yi yana gaya wa mutane ya fi ni gaskiya.”

Suka yi dariya su biyu, da hawaye a fuska. Aka rubuta takarda, Iya Yakaka ta dangwala yatsa. Madam Dinah ta raka ta har tasha, ta tsaya sai da mota ta tashi.

Ranar Litinin ma'aikata suka zo suka tuge turakun suka mayar da su ta gabas. Iya Yakaka tana tsaye a ƙofar baya ta ga Alhaji Muntaka ya taho da sauri, babbar riga tana jan ƙasa, mutane na biye da shi.

Yana haki ya ce, “Madam, kun yi kuskure! Waɗannan ai su ne na tsohuwar!”

Madam Dinah ta ce, “Ita ta je har Dutse ta nema, Alhaji. Ni dai tambaya ɗaya gare ni, ita ce wadda ya kamata in yi tun farko. Da mun sare wancan, baɗi da furen wa za a yi wa dabinanku barbara?”

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi Dogo tun daga gindi har sama. Ya waiwayo ya ga tsohuwar a bakin ƙofa. Mai maganar itacen rufin ɗaki ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Iya Yakaka ta ja ƙofarta ta koma ciki, don ba ta zo ganin kunyar kowa ba.

Kada wani ya ce abin bai yi mata ciwo ba. Ranar da katafila ta zo, ɗaki ta shiga ta toshe kunne da mayafi, amma duk da haka ta ji faɗuwar ta farko, ta ji ta biyu, ƙasa ta motsa har ƙarƙashin gadonta. Ita ta yi ta ɗibar musu ruwa a tulu suna ƙanana. Ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta samu ta yi ba ranar da aka fita da Malam saboda cikar mutane. Falmata ta shigo ta zauna kusa da ita har ta yi shiru.

Aka zuba jar ƙasa, aka daddanne, hanya ta miƙe fetal ta wuce ta gefen Dogo. Madam Dinah ta sa aka kewaye gindinsa da duwatsu, aka kankare jan fentin, sai ɗan tabo da ya maƙale a tsagin ɓawo.

Sanyi ya shigo. Wata safiya Iya Yakaka tana shara ta ji ƙamshin da ta sani, kamar na ɗanyen ƙullu. Kube ya tsage. Hannunta ya kai ga faifai kafin ta yi tunani, ta fita ta tsaya a gindin Dogo tana kallon sama. Ga furen can fari sol, uku sun buɗe. A nan ne ta tuna abin da duk tafiyarta Dutse ba ta lissafa ba. Ta ceci bishiya, amma mai hawanta yana maƙabarta, taku kaɗan daga inda take tsaye. Shekara arba'in in ya kama igiya sai ta ce, “Malam, a yi a hankali,” shi kuma ya ce, “Ke dai riƙe faifai.” Yara har kwaikwayonsu suke yi a wajen wasa.

Sai ta ji sallama a bayanta. Alhaji Muntaka ne, babu babbar riga, daga shi sai 'yar shara da wando ya naɗe ƙafa. Bayansa magidanta ne sun fi goma, sun tsaya nesa kaɗan.

Ya durƙusa ya ce, “Iya, mun yi laifi, a yafe mana. Igiyar Malam na zo aro, da wuƙarsa. Ke kin san aikin ƙasa, ki koya mana na sama yadda kika ga yana yi.”

Ta dube shi, ta dubi tumbin. “Alhaji, yaushe rabonka da hawa bishiya?”

“Tun ina saurayi. Amma ni na ce ba ya 'ya'ya, ni zan fara hawa. Kuma mun yi magana a masallaci. Duk dabinon da aka yi wa barbara, kina da kwano a ciki.”

“Malam bai taɓa karɓar ladan aikin nan ba.”

“Ba lada ba ne, Iya. Madam ta gaya mini abin da Malam yake ce wa dabinon. Jikoki ne za su zo gaishe ki.”

Ta shiga ɗaki ta fito da igiyar da wuƙar, ta nuna masa yadda ake zagaya ta a ƙugu, ta gaya masa ya fara sare ƙayoyin gefen hagu kafin ya miƙa hannu. Ya yi bisimilla ya kama. Hawan dai babu kyan gani, yana nishi, igiya tana ƙara, mutanen ƙasa suna ta salati. Amma yana tafiya. Da ya kai wajen ganye ƙafarsa ɗaya ta ɗan zame, ɓawo ya ɓantaro ya faɗo.

“Malam, a yi a hankali!”

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Magidanta suka sunkuyar da kai. Can sama Alhaji Muntaka ya tsaya cak, ya rungume bishiyar. Shi ma yana cikin yaran da suka yi kwaikwayon nan a da. Daga can sama ya amsa mata.

“Iya, ki dai riƙe faifai.”

Ta ɗaga shi da hannu biyu. Wuƙa ta shiga, reshe ya girgiza, farin garin ya fara saukowa a hankali, wani a faifai, wani a kan mayafinta.